A nan keke ake goyawa

Asabar ɗin da ta wuce maƙwabcina ya ba ni kunya a gaban 'ya'yana, har yau abin na cina. Na fito da kekuna uku, nawa da na yara biyu, za mu dutsen Schauinsland da ke bayan garinmu, Freiburg ta ƙasar Jamus. Na buɗe but na cusa biyu, na ɗora na ukun, na kawo igiya na ɗaure tamau, irin ɗaurin da na taso ina gani a tashar Unguwa Uku. Dattijon ya leƙo ta shingensa, ya dubi lambar motar da taya ta rufe, ya dubi fitilun baya, ya ce in na hau titi a haka 'yan sanda ba za su bar ni in yi nisa ba. Cikin sanyin murya ya faɗa, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Ran Litinin sai ga ni a shago, ina neman kariya, wato ƙarfen da ake ɗora kekuna a bayan mota.

Bari in kwatanta muku abin, don ban taɓa ganinsa a gida ba. Motoci da yawa a Jamus suna da ƙugiyar jan tirela a baya, mai dunƙulen ƙarfe a kai, kaurinsa milimita 50. A kan wannan ɗan dunƙulen ake maƙala kariya mai layuka, kowane keke da layinsa da hannun da ke riƙe shi. Tana da fitilunta na birki da sigina, da waya mai baki 13 da ake sokawa a jikin mota, kuma sai ka buga wata lambar irin ta motarka ka manna mata. Mai kyau ma tana kwantawa baya da kekunan a kanta, don ka iya buɗe but.

Mai shagon bai tambaye ni nawa na zo da shi ba. Cewa ya yi, kilo nawa ƙugiyar motarka ke ɗauka? Na yi tsuru-tsuru. Ashe a rubuce yake a littafin mota: tawa kilo 75. Kariyar kanta ta kusa kilo 20, saura 55 ke nan, ko da kuwa an rubuta tana ɗaukar 60. Keken hawan dutse ɗaya wajen kilo 15 ne, uku sun shiga. Da masu batir ne, da kowanne ya haura kilo 20, uku ba za su yiwu ba. Ya ce in lura da tazarar layukan, domin hannayen waɗannan kekuna faɗi gare su, in suka matsu sai su goge juna. In duba ko layin zai ɗauki tsawon keke mai taya inci 29, ko madaurin zai zagaye taya mai kauri. Mai nauyi kusa da mota, na gaba kuma a juya kansa ɗaya ɓangaren.  Na ɗauki ta kamfanin Thule na Suwidin, na biya kuɗin da har yanzu ban faɗa wa Hajiya ba.

Ba na musu, maganar fitila gaskiyarsu ce. Duk mun san abin da lodi ya jawo a hanyar Kano zuwa Zariya. Amma kada wani ya ce min ba mu iya ɗauri ba. Yaron mota da tsohuwar roba zai ɗaure babur a bayan Golf ya kai shi Maraɗi ko ƙwarzane babu, bai taɓa jin kalmar kilo 75 ba. Kuma da a gida ne, wanda ya ga ɗaurinka bai yi ba, hannu zai sa ya kama maka igiya, ba ya tsaya a bayan shinge yana karanto maka doka ba.

Mun je dutsen dai. Ina tuƙi ina hango kekunan ta madubi, a jere kamar amare, sai Baba ya faɗo min a rai. Raleigh ɗinsa ɗaya tal, shi ke ɗauko buhun gero daga gona, shi ke kai ni makarantar boko ina zaune a kan ƙarfe, shi maƙwabta ke ara ranar kasuwa. Na ba yaran labari, sai ƙaramin ya ce, "Abba, to shi Kaka da wace mota yake ɗaukar kekensa?"