Haske na shirin gadon jan ƙarfe, ina Kaduna ta tsaya?

Duk wanda ya taɓa kai gyaran waya Kasuwar Sheikh Gumi ya ji ana cewa "ai-si ne ya ƙone". Babban cikin waɗannan 'yan baƙaƙen gutsattsari na ɗauke da biliyoyin ƙananan makunnai, wato tiranzisto, a filin da bai wuce farcen yatsa ba. Tun 1965 masanin kimiyya ɗan Amurka Gordon Moore ya yi hasashen yawansu zai riƙa ninkawa, aka kuwa daɗe ana ganin haka. Yanzu ƙara ƙanƙantar da su ya yi tsadar gaske. Injin da ke zana mafi ƙanƙanta, kamfanin ASML na ƙasar Holan kaɗai ke ƙera shi, guda ɗaya ya haura dala miliyan 100.

Wata matsalar kuma ita ce jigilar bayanai. Zaren jan ƙarfe na ɗaukar zafi, yana shan lantarki, ga cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira na neman gudu fiye da ƙarfinsa. Shi ya sa injiniyoyi ke shimfiɗa hanyoyin haske a kan silikon ɗin kansa, wato sinadarin da ake ƙera ai-si da shi. Hasken da ke kawo mana intanet ta zaren gilashi daga ƙarƙashin teku zuwa Legas, shi ne yanzu ke kutsawa cikin kwamfuta.

A ganina, maganar gina masana'antar ai-si a Kaduna ba ta taso ba tukuna. Amurka ma sai da ta ware kusan dala biliyan 52 a 2022 don ta farfaɗo da tata. Aikin na son wutar da ba ta ƙyaftawa, mu kuwa rashin wuta na cikin abin da ya durƙusar da masaƙun Kakuri.

Amma da wata ƙofar. Penang ta Malesiya da harhaɗawa da gwaji ta fara, lokacin da Intel, kamfanin ƙera ai-si na Amurka, ya buɗe reshe a can a 1972. Zanen ai-si kuma kwamfuta da ilimi yake buƙata, ga RISC-V, wani tsarin zana ƙwaƙwalwar kwamfuta, a buɗe ga kowa. Jona zaren gilashi da auna shi sana'a ce da ake nema a yau, duk inda aka haƙa titi aka tsinke layi.

Ina roƙon Kaduna Polytechnic da KASU da ABU Zariya su haɗa hannu su kafa ɗakin gwaji guda na fasahar haske da zanen ai-si, su kuma ware gurbin koyo na yamma ga matasan nan masu gyaran waya, tun da hannunsu ya riga ya saba da dalma.