Canza kalmar sirri kaɗai ba ya korar ɓarawon imel

Jama'a, yawancin waɗanda aka yi wa kutse a imel da sun canza kalmar sirri sai su ce shi ke nan. A ganina, a nan ma aikin ya fara, domin mai kutse yakan bar wa kansa hanyar dawowa.

Idan an rufe ka waje, je shafin dawo da asusu. Na Gmail shi ne g.co/recover. Yi amfani da wayar ko kwamfutar da ka saba shiga da ita, a wurin da ka saba, don Google na la'akari da hakan. In an nemi tsohuwar kalmar sirri, rubuta ta ƙarshe da ka tuna. Masu tallan "za mu dawo maka da asusunka" a Facebook kuwa, 'yan damfara ne.

Ka samu shiga? Sa sabuwar kalma mai haruffa 12 ko fiye, wadda ba ka amfani da ita a ko'ina. Amma in na'urarka na ɗauke da manhajar leƙen asiri, sabuwar ma za a kwashe ta, don haka ka canza daga na'ura mai tsabta. Fitar da duk na'urar da ba ka gane ba, ka duba lambar waya da imel ɗin ceto, wato waɗanda ake dawo da asusu da su, ko an musanya su.

Ga wurin da aka fi sakaci: saitin tura saƙo. Ɓarawo kan saita a riƙa aika masa kwafin duk abin da ya shigo, ko ya kafa matatar da ke ɓoye saƙonnin banki. Canza kalmar sirri ba ya goge wannan, sai ka shiga saiti ka cire da hannunka.

Kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato a nemi wata shaida bayan kalmar sirri kafin a shiga. Lambar SMS ta fi babu, sai dai ana iya sace layi. Manhajar waya ta Google Authenticator ta fi, tana fitar da sabuwar lamba mai alƙaluma 6 duk daƙiƙa 30. Lambobin ko-ta-kwana 10 da Google ke bayarwa don shiga in wayarka ba ta hannunka, rubuta su a takarda.

Kutsen Yahoo na 2013 ya shafi asusu biliyan 3, kuma irin waɗannan bayanan da aka sata ake gwadawa a wasu shafuka. Saka adireshin imel ɗinka a shafin Have I Been Pwned, mai tattara bayanan kutse, ka gani ko ya taɓa fita.

Duk asusun da ke aiko da saƙon "na manta kalmar sirri" zuwa wannan imel, canza kalmar sirrinsa, ka fara da na banki. Sannan ka sanar da mutanenka kada su tura kuɗi ko su taɓa mahaɗin da ya zo da sunanka.