Rajistar asibitocinmu na magana, wa ke saurare?

Duk ƙaramin asibitin gwamnati a ƙananan hukumomi 23 na jihar Sakkwato yana da rajista. Ma'aikacin lafiya zai rubuta sunan yaro da garinsu da abin da ya kawo shi: zazzaɓi, gudawa, ƙyanda ko tamowa. Ƙarshen wata a tattara lissafi, a shigar a manhajar tattara bayanan lafiya ta DHIS2, ya wuce har Abuja. Abin da ke damuna shi ne, lissafin nan tafiya kawai yake yi, ba kasafai yake dawowa ya zama magani a kan kanta ba.

Sanƙarau ya isa ya koya mana darasi. Rigakafin MenAfriVac da aka yi wa jama'a a baya na nau'in A na ƙwayar cutar ne kaɗai. Tun 2013 masu bincike suka gano nau'in C yana kama mutane a Sakkwato, daga baya a Kebbi. Shaidar a gida take. Amma da annobar 2017 ta ɓarke a Zamfara da Sakkwato da Katsina, nau'in C ɗin ne, rigakafinsa kuma bai wadata ba, aka yi asarar ɗaruruwan rayuka. Sai a 2024 Najeriya ta fara amfani da rigakafin Men5CV mai kariya daga nau'i biyar.

Ga kuma cutar noma, mai zaizaye baki da fuskar yara. Tun 1999 muke da asibitinta na musamman a cikin garin Sakkwato, kuma Najeriya ce ta jagoranci ƙoƙarin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin cututtukan da aka yi watsi da su a Disambar 2023. Kowane fayil a asibitin yana ɗauke da sunan ƙauyen da yaron ya fito. An san cutar tana bin bayan yunwa da ƙyanda. To ƙauyen da ya turo yara uku ko huɗu ai ya riga ya faɗa mana inda za a kai rigakafin ƙyanda da abincin masu tamowa, tun kafin a kai ga tiyata.

Sai dai rajista ma a karanta ta da hankali. A yankunan Isa da Sabon Birni, inda 'yan bindiga suka hana zirga-zirga, in ka ga sifili a shafi, wataƙila asibitin ne a rufe, ko hanyar ce ba ta biyuwa. Mata da yawa a ɗaki suke haihuwa, a hannun ungozoma, babu takardar da ta san da su. Mai unguwa ya sani, limamin da ya raɗa suna ya sani, wanzami ma ya sani. Sarakunanmu sun riƙe yaƙin shan inna har aka ga bayan nau'inta na asali, wanda ake kira na daji, a 2020. Za su iya riƙe ƙidayar haihuwa da mace-mace.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 5 cikin ɗari kacal na yaran jihar nan ke samun cikakken rigakafi. Wannan adadi bai gaya mana ko matsalar Tangaza ita ce ta Tambuwal ba. Muna da likitoci da malamai a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da asibitin koyarwarta da za su iya tantance wannan mazaɓa-mazaɓa. Ya kamata Majalisar Dokokin jiha ta nemi ganin wannan lissafi a gabanta kafin ta amince da kasafin lafiya na baɗi.