Karen da ya sauko daga jirgi da wanda ya tsallako gada

Mutumin da ke zaune a Garwa, Marwa ko N'Djamena, in yana son shiga Faransa da karensa ko kyanwarsa, to tun saura wata huɗu tafiya ya kamata ya fara zirga-zirga. Da farko likitan dabbobi zai sa wa dabbar wata 'yar na'ura mai ɗauke da lamba a ƙarƙashin fata. Sannan a yi mata allurar rigakafin cutar haukan kare, wadda ba a yi sai dabba ta cika mako 12 da haihuwa. Bayan kwana 30 a ɗebi jininta a aika ɗakin gwajin da Tarayyar Turai ta amince da shi, a tabbatar allurar ta kama. In sakamako ya yi kyau, a sake zaman jira na wata 3 daga ranar da aka ɗebi jinin. Ana gab da tashi kuma likitan gwamnati ya sa hannu a takardar lafiya, wadda ba a karɓarta in ta wuce kwana 10. Idan ka haɗa lissafin, ɗan kwikwiyo daga Kamaru ko Cadi ba zai taka ƙasar Turai ba sai ya kai wata 7. Wanda ya tsallake mataki ɗaya, abu uku ke jiransa a filin jirgi: a mayar da dabbar inda ta fito, ko a killace ta shi ya biya, ko a kashe ta.

Amurka ta fi haka tsanani a kan karnuka. A watan Yulin 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta dakatar da shigo da su daga ƙasashe fiye da 100 da take ganin cutar na yawo a cikinsu, da Kamaru da Cadi da Najeriya duk a ciki, bayan da aka yi ta kama takardun rigakafi na jabu. Daga 1 ga Agustan 2024 aka sa sabuwar doka: kare sai ya kai wata 6, sai da na'urar lamba, kuma wanda aka yi wa allura a irin ƙasashenmu sai an kama masa wuri a gidan dabbobin da hukumar ta yi wa rajista, inda zai yi kwana 28 a killace idan babu sakamakon gwajin jini. Ostareliya kuwa ba ta ma karɓa daga wajenmu kai tsaye. Sai dabba ta yi kwana 180 a wata ƙasar da suka yarda da ita, sannan ta je ta yi aƙalla kwana 10 a gidan killacewa na Mickleham, kusa da Melbourne. Ingila ta shafe kusan shekara ɗari tana tsare kowane kare da ya shigo na tsawon wata 6, sai a shekarar 2000 ta fara sassautawa.

Ko sisin kwabo gwamnatocin nan ba sa biya wa kowa. Na'ura, allura, aika jini cikin sanyi har Faransa ko Afirka ta Kudu, kejin da kamfanin jirgi zai yarda da shi, kuɗin jirgin kansa, kuɗin kwana da abinci a gidan killacewa, duk a wuyan mai dabba suke. Shi ya sa masu gadi a unguwannin Turawa na N'Djamena da gidajen ma'aikatan agaji a Marwa, waɗanda da yawansu 'yan uwanmu ne Hausawa, suka san wata al'ada. Bature ya tsinci kwikwiyo a bakin titi, ya yi shekara biyu yana ba shi nama da madara, ranar da aka ce aikinsa ya ƙare sai ya tarar da wata huɗun nan a gabansa, shi kuwa mako uku ya rage masa. Sai ya miƙa wa mai gadi igiya da buhun abinci da 'yan kuɗi, ya ce zai aiko a ɗauka. Wani ya aiko, wani shiru. Buhu na ƙarewa kare ya koma bola, ya shiga cikin sauran.

In aka kawo wannan zance a majalisa, dariya ake yi. Na ji wani saurayi yana ce wa kawunsa, "Kawu, ka ji kare ma sai da biza, har da gwajin jini. Mu da ake hana mu shiga ashe ba mu kaɗai ba ne." Dattijon ya ce, "Kai dai yaro, bari. Mutanen da suka ƙoshi ne, sun rasa abin yi da kuɗi." Na fahimci dariyar, amma ban yarda da hukuncin ba. A ganina dokokin nan suna cikin 'yan abubuwan da Turawa ke gindaya mana waɗanda hujjarsu a fili take.

Cutar haukan kare tana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara a duniya, in ji Hukumar Lafiya ta Duniya, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin kowane goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamu sun bayyana, mutum ya fara firgita da ruwa, sai dai addu'a. Muguntar cutar ita ce tana iya kwanciya a jikin dabba wata biyu ko uku, wani lokaci har fiye, dabba tana ci tana wasa, ba likitan da zai dube ta ya gane. Wannan ne dalilin jiran wata 3. Gwajin jini yana nuna allura ta kama ne kawai, ba ya nuna ko an riga an ciji dabbar kafin a yi mata. Faransa ta ɗanɗana: a 2004 wani ya shigo da kwikwiyo daga Maroko a ɓoye ya yi ta yawo da shi a yankin Bordeaux, aka gano yana da cutar, hukuma ta shiga neman duk wanda ya taɓa shi, aka kashe dabbobi masu yawa. Masu cewa ai kyanwa ba ruwanta su tuna cewa a 2018 wani mazaunin Ingila ya mutu bayan kyanwa ta cije shi a Maroko.

Mu kuma Musulmi bai kamata killacewa ta zame mana baƙon abu ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya kai su cikin masu lafiya, kuma Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke a can. Makiyayin da ya sayo sa a kasuwar Ngaundare ya ɗaure shi gefe kwana biyu kafin ya sake shi cikin garke, abin da yake yi ke nan.

Akwai ƙorafi guda da nake ganin na gaskiya ne. Ɗakunan gwajin da Turai ta amince da su sun yi mana nisa, kuma nisan ne ke ninka kuɗi. Ga cibiyar gwajin dabbobi ta LANAVET nan a Bokle, bakin Garwa, tun shekarun 1980 tana haɗa alluran dabbobi ana kaiwa ƙasashe maƙwabta. Ga cibiyar binciken kiwo ta IRED a unguwar Farcha ta N'Djamena. Gwamnatocin Kamaru da Cadi su nemi a amince da ɗayansu, kuɗin da ake turawa waje ya tsaya a gida. Wannan aikin ofis ne, ba ya buƙatar taro.

Abin da ya fi damuna shi ne namu ɓangaren. A takarda muna da doka. Wanda ya sauka da kare ko kyanwa a filin jirgin Duwala, Yawunde ko Hassan Djamous na N'Djamena, ana neman takardar lafiya daga likitan dabbobi da shaidar rigakafi, kuma haka ya kamata. Sai dai dabbar da ta sauko daga jirgin Paris, daga ƙasar da ta kawar da cutar, da lambarta da katinta, ita ce mafi ƙarancin haɗari a duk dabbobin da suka shigo ƙasar a ranar. An bar jaki ana dukan taiki. Karen da zai kawo mana cuta ba ya bin filin jirgi. Yana bin maharba daga wani daji zuwa wani, yana bin garken shanu tsakanin Cadi da Kamaru da Najeriya, yana kwance cikin kwale-kwale a kogin Logon, ko yana cikin kwali a bayan babur a kan gadar Ngeli da ta haɗa Kusiri da N'Djamena, inda duwan zai buɗe buhun sukari ya ƙirga, amma ba wanda zai tambayi kwikwiyo katinsa.

Ga kuma sabuwar kasuwa da ta buɗe a waya. Yanzu attajiri a Garwa ko Kusiri ba ya son karen gida, sai jinsin Jamus, ko Rottweiler, ko Boerboel na Afirka ta Kudu, saboda tsoron ɓarayi da kuma, mu faɗi gaskiya, saboda a gani. Ana tallarsu a Facebook da WhatsApp. A tura kuɗi, a sako kwikwiyo cikin kwali mai huji a jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, daga nan a ɗora a bas, ko a biyo da shi ta Mubi ko Gamboru. Yana zuwa da kati mai hatimi. Ka buɗe katin ka ga an rubuta an yi masa allurar haukan kare yana da mako biyar, lokacin da allurar ba ta da tabbas ko da an yi ta da gaske, ga sunan likita ba lambar waya, ga gurbin da ake manna takardar kwalbar allura babu komai. Alhaji ya biya kuɗin da ya isa sayen saniya, ya miƙa wa yaran gida su yi wasa da shi.

Cewa daga waje cutar ke shigowa ba hasashe ba ne, N'Djamena ta gwada ta gani. A 2012 da 2013 cibiyar IRED da ƙungiyar kiwon lafiya ta CSSI tare da cibiyar binciken lafiya ta Swiss TPH ta Suwizalan suka bi unguwa-unguwa suna yi wa karnuka allura kyauta, kimanin 18,000 a shekarar farko, fiye da 22,000 a ta biyu. Suka haura kashi 70 cikin ɗari, wanda shi ne mizanin da ake buƙata don katse yaɗuwar cutar. Ta kuwa katse: watanni da dama a 2014 ba a samu mahaukacin kare ko ɗaya a birnin ba. Daga baya ta dawo, kuma binciken ƙwayar cutar ya nuna daga wajen gari aka shigo da ita. Birni guda ya yi duk abin da ya dace, ƙauyukan da ke kewaye da shi da garin da ke tsallaken kogi ba su yi ba, aikin shekara biyu ya fara warwarewa. Akwai wani darasi daga gwajin da aka yi a birnin tun kafin nan: da aka yi allura kyauta mutane sun fito da karnukansu sosai, da aka ce mai kare ya biya wani abu, waɗanda aka samu ba su wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Wannan ne ya sa nake ganin a raba kuɗin gida biyu, kowa da nasa. Wanda ya shigo da karen alfarma ko kyanwar ado, ta jirgi ko ta mota, ya biya komai da kansa kamar yadda ake sa mu biya a can: a duba katinsa da gaske, in katin bai gamsar ba a tsare dabbar a ofishin dabbobi, shi zai ciyar da ita, kuma a ɗora masa haraji. Wanda ya iya sayen Boerboel ba zai yi kukan wannan ba. Amma maharbi da makiyayi da manomin da karensa ke gadin gona, waɗanda addini ma ya yarje musu riƙon kare, kada a nemi ko dala a hannunsu. Ka ce wa mutumin Waza ya kawo gwajin jini ko kuɗin killacewa, abin da zai yi shi ne ya bi ta bayan shinge. Shi allura kyauta ta dace da shi, a kasuwar mako, a mashayar dabbobi, ranar da ake yi wa shanu tasu.

Masu riƙe da baitulmali za su ce babu kuɗi. Su duba abin da ake kashewa yanzu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa jinyar mutum ɗaya bayan cizo, da kuɗin mota da aikin da ya bari, tana kai dalar Amurka 108, wato kwatankwacin mafi ƙarancin albashin wata a Cadi, sefa 60,000. Uba daga ƙauye sai ya sayar da akuya ya kawo ɗansa Garwa ko N'Djamena neman allura, ya koma, ya sake dawowa, domin ba sau ɗaya ake yi ba. Ƙungiyar Gavi mai samar da alluran rigakafi ta sanar a 2024 cewa za ta tallafa wa ƙasashe da allurar mutane, abin a yaba ne, amma muddin karnuka na ɗauke da cutar za a yi ta sayen allurar ne ba iyaka.

Akwai kuma killacewar da ba ta buƙatar minista, wadda mu ne ke ƙin yi. Kare ya ciji yaro, kafin uwar ta gama salati matasa sun bi shi da sanduna sun gama da shi, an jefa a kwata. An rasa shaida ke nan. Da an ɗaure shi an sa masa ido kwana 10 zuwa 15, in ya wuce lafiya an san bai zuba wa yaron cuta ba. In ma an kashe, a sanar da ofishin dabbobi su ɗauki kan a gwada, ga reshen Cibiyar Pasteur nan a Garwa. Shi kuwa ciwon a wanke shi da ruwa da sabulu na minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya jiran sakamakon kare, kada a tsaya neman gashinsa a ƙona a shafa.

Duniya ta sa wa kanta 2030 a matsayin shekarar da ba za a ƙara rasa rai ta dalilin cutar haukan kare da ake ɗauka daga karnuka ba, kuma ga ta nan tafe. Kowace 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar haukan kare ta duniya, jami'ai kan yi jawabi a Yawunde da N'Djamena. Abin da nake so in gani a bana shi ne hukumomin Kusiri da na N'Djamena, da na Yagwa da Bongor, su sa rana ɗaya, su ajiye tebur da akwatin ƙanƙara a kowane bakin gada, duk karen da ya zo wucewa a yi masa allura a ɗaura masa alama a wuya, a biya kuɗin daga harajin masu shigo da karnukan alfarma.