Sunan da ke jikin allo ba shi ke biyan diyya ba

Makon jiya ɗan 'yar'uwata, wanda ke jan motar kaya tsakanin Mile 12 da Alaba Rago a Legas, ya kira ni muryarsa na rawa. Ya goge motar wata mata a wajen Ojota, ƙofa ta lotse, fitila ta tarwatse. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ai yana da inshora. Ya ce, "Kawu, ai nan gizo ke saƙar. An sa lambar motar a waya don a duba inshorar, babu ita."

Washegari muka je inda ya yanki takardar. Wani ɗan shago ne na kwantena kusa da ofishin lasisi, amma allon da ke samansa ya fi shagon faɗi: dogon suna na Turanci, da hoton laima, da garkuwa. A ciki an rataya takardar rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, cikin gilashi, an goge ta tas. Na tambayi yaron da ke zaune wane kamfani suke wa aiki. Ya nuna min takardar bango. Na ce ba ita na tambaya ba. Ya ce ogansa ya yi tafiya. Rasit ɗin da ke hannunmu kuwa sunan shagon kaɗai ke jiki, da hatimi mai shuɗin tawada. Naira dubu biyar yaron nan ya biya, yana murna ya samu sauƙi, alhali tun 1 ga Janairun 2023 aka mayar da kuɗin inshorar ɓarnar da ka yi wa wani zuwa dubu 15 ga ƙaramar mota ta gida, balle motar kaya. Na yi masa faɗa, don araha ba ta ado. Amma faɗan bai hana ni ganin inda ainihin ɓarakar take ba.

Mutanenmu da yawa sun ɗauka takardar CAC lasisi ce. Ba lasisi ba ce. CAC rajistar suna take yi, kamar yadda za ta yi wa mai gidan burodi ko mai wankin mota. Hukumar da ke ba da izinin sayar da inshora ita ce NAICOM, wadda aka kafa a 1997. Wakili yana aiki ne da sunan kamfanin da ya naɗa shi, yana cin kamashonsa, kuma ranar da hatsari ya faru kamfanin ne zai biya, ba shi ba. To in haka ne, me zai sa a bar wakili ya lulluɓe kansa da sunan da ya fi na kamfanin ƙara, har mai saye ya fita bai san da wa ya ƙulla ciniki ba?

A kasuwar shanu ta Agege, in dillali ya sayar maka da sa, kowa ya san shi, an san mai gidansa, an san sarkin da za a kai ƙara gabansa. Ba ya canza suna ranar Litinin don ya ci amana ranar Lahadi. A harkar inshora kuwa mutum zai rufe shago a Ijora, ya buɗe wani a Berger da sabon allo, shi ke nan an shafe tarihi.

Abin da nake gani ba wani abu mai wuya ba ne. Kada CAC ta yi rajistar sunan da ke nuna harkar inshora sai da amincewar NAICOM a rubuce. Dama dokar kamfanoni ta 2020 ta hana mutum laƙaba wa kasuwancinsa kalmomin da ke nuna alaƙa da gwamnati sai da izini, sai a tsaurara haka a nan. Kuma duk wakili, a allonsa da rasit ɗinsa, sunansa na yanka da lambar lasisinsa da sunan kamfanin da ya turo shi su fito ɓaro-ɓaro. In ya sake suna, tsohon ya biyo shi a rajista. Masu maƙala kalmar takaful, wato inshorar Musulunci, don jan hankalin Musulmi ma a sa musu ido sosai, don mun san yadda jikinmu ke sanyi in an ambaci addini.

Wani abokina da ke wannan sana'a a Obalende, mutumin kirki, ya ce min ƙarin doka ƙarin cin hanci ne, kuma ƙananan wakilai ne za su sha wuya. Yana da gaskiyarsa. Sai dai shi ma yana kukan cewa in ya shiga garejin direbobin tirela a Apapa kallon ɗan damfara ake masa, saboda ɓarnar waɗanda ba su da fuska sai allo.

Tun Fabrairun 2025 'yan sanda suka matsa da binciken inshora a hanya, a cikin shekarar kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar gyaran harkar inshora. Direba ake tarewa a titi. Mai kwantenar kuwa yana nan.

Yaronmu dai ya gyara wa matar motarta daga aljihunsa, da ɗan abin da muka harhaɗa masa. Sabuwar takardar da ya yanka, bai bar bakin teburin ba sai da ya ga lambar motarsa ta fito a shafin NIID, inda ake duba ingancin inshorar mota.