Nasiha ga marubuta: idan an soki labarinki

Assalamu alaikum warahmatullah 'yan uwana marubuta, musamman mu mata masu sakin labari a WhatsApp da Wattpad da Facebook, dan Allah ku ba ni aron hankalinku.

Abin ya fara yin yawa wallahi. Mai karatu za ta ce labarin nan an ja shi da yawa, ko ta ce ai ba haka ake yin tiyata a asibiti ba, ko ta ce babi na goma akwai batsa a ciki, shikenan sai marubuciya ta ɗauki hoton maganar ta ɗora a status ta rubuta hassada ga mai rabo taki ce, kafin la'asar masoyanta sun yi wa baiwar Allah ca, a zage ta a zagi iyayenta, a tono hotonta a yi mata gorin fuska, ita kuwa uwar gayya tana gefe tana tura dariya. To 'yar uwa wannan zagin da aka yi dominki kina zaton a littafin wa za a rubuta shi? Allah ya ce a Suratu Ƙaf aya ta 18 babu wata magana da mutum zai furta face akwai mai tsaro a tare da shi, kuma yatsa ma magana yake yi.

Na san akwai ciwo, ba na musu. Mutum ya hana idonsa barci yana taifin a waya, ga datar da ya saya da kuɗinsa, wani ya zo da layi biyu ya ce shirme ne. Amma ki duba Suratun Nisa'i aya ta 82, Allah ya ce da Alƙur'ani daga wanin Allah yake da an samu saɓani mai yawa a cikinsa. Kenan duk littafin da ɗan Adam ya rubuta sai an samu abin gyara, naki ma yana ciki.

Sahihul Bukhari fa, littafin da malamai suka ce babu mafi inganci bayan Alƙur'ani, sai da Imamu Daraƙuɗni wanda ya rasu a 385 bayan hijira ya zauna ya yi magana a kan wasu hadisansa, kuma ba wanda ya ce masa mahassadi, Ibn Hajar ne ya zo daga baya a gabatarwar Fathul Bari, sharhinsa na Bukhari, ya jero hadisai 110 da aka yi suka a kansu ya bi su ɗaya bayan ɗaya da hujja. A nan gida ma Shehu Aminu El-Kanemi na Borno ya rubuto wasiƙa mai zafi yana sukar jihadin Shehu Usmanu, sai Muhammadu Bello ya kwafi maganarsa ya sa a cikin littafinsa Infaƙul Maisur sannan ya ba shi amsa, shi ya sa har yau muke iya karanta abin da mai sukar ya faɗa. Mu kuwa kwamen ɗaya sai mu goge mu cire mutum daga gurup.

Iyayenmu a harkar nan sun ga abin da ya fi haka, an kira rubutunsu adabin kasuwar Kano don a nuna ba shi da daraja, an yi ta kai ruwa rana a jaridu, a 2007 har ƙona littattafai aka yi a Kano, amma ba su ajiye biro ba.

Abin da nake gani shi ne idan suka ta zo kar ki taɓa waya a lokacin, Annabi (SAW) ya ce jarumi shi ne mai mallakar kansa yayin fushi, ki bari ki yi alwala ki kwana da ita, da safe ki sake karantawa ki tambayi kanki tsakani da Allah, abin da ta faɗa akwai shi ko babu? In akwai ki gyara ko da ta faɗa da baƙar magana, musamman in batsa ce, gara ki ji daga bakinta yau da 'yarki ta tsinci babin nan a wayar ƙawarta. In kuma zagi ne tsagwaronsa babu abin ɗauka, ki yi bulokin kawai ba sai kin yi shela ba, kina da haƙƙin ramawa daidai abin da aka yi miki amma Suratush Shura aya ta 40 ta ce wanda ya yafe ya gyara ladansa yana wajen Allah.

Ku ma masu sharhi ku ji tsoron Allah. Labarin da aka saki a bainar jama'a ba laifi a yi sharhinsa a bainar jama'a, ku faɗi shafin, ku faɗi kuskuren, amma auren marubuciyar da mutuwar aurenta da kamanninta ba sa cikin littafin, ku bar mata su.