Ɗan ƙasa a takarda, baƙo a gona

Tun 1 ga Janairun 1956 Sudan take jamhuriya, ba ta da sarki. A ƙa'ida, ɗan ƙasa shi ke ɗora shugaba, shi ke sauke shi, haƙƙinsa kuma ba kyautar kowa ba ne. Talakan sarki kuwa mubaya'a yake yi, ya yi biyayya, sarki ya riƙe shi amana. Saudiyya ba ta ɓoye nata tsarin ba. Dokar mulkinta ta 1992 ta ce sarauta ta zuriyar Sarki Abdul'aziz ce, 'yan majalisar shura ma sarki ke naɗa su. Ko tsarin bai yi maka ba, ka san matsayinka.

A nan wajenmu Sudan ne abin ya cuɗe. Bahaushe ya nemi gona a ƙauyukan Damazin ko Rusairis na jihar Nilul Azraƙ (Blue Nile), ya zaro katinsa mai raƙam waɗani, wato lambar ɗan ƙasa, ya miƙa. Za a juya katin gaba da baya, a mayar masa, a ce: "To, wane ne umdanka? Ƙarƙashin wane nazir kake?" Umda da nazir masu sarautar gargajiya ne. Idara ahliyya ke nan, wato mulkin gargajiya, wadda Turawan Ingila suka ƙarfafa, shugaba Numairi ya rushe a farkon shekarun 1970, daga baya aka dawo da ita. Ƙasa tana bin ƙabila, ƙabila tana bin mai rawani. Wanda ba shi da mai rawani baƙo ne, ko da kakansa ne ya sare dajin.

Kakannin nan kuwa ba jiya suka zo ba. Bayan yaƙin Burmi a 1903 Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kawo jama'arsa suka kafa Maiwurno kusa da Sinnar. Audugar Jazira ta sha gumin Hausawa tun 1925. Amma dokar jinsiyya ta 1957 ta ce asalin ɗan ƙasa shi ne wanda shi ko iyayensa ke zaune tun 1897. Shekara shida kacal, ta zama katanga. An sassauta dokar daga baya, tunanin mutane ne bai sassauta ba.

Shi ya sa ba na ganin laifin dattawan da suka nemi a bai wa Hausawan Nilul Azraƙ tasu sarautar, takaddamar da ta kai ga rikicin Yulin 2022, ta sake ɓarkewa a Wad al-Mahi cikin Oktoba, aka rasa ɗaruruwan rayuka. Ƙofar da suka gani a buɗe suka nufa. Sai dai a ganina ba ita ce mafita ba. In an naɗa nazir, haƙƙin manomi ya koma hannun nazir, ranar da gwamna ya yi fushi da shi kuma shi ke nan.

Duk ranar da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya lafa aka zauna rubuta tsarin mulki, wakilanmu su dage a kan rajistar gona da sunan mai nomanta, a ofishin gwamnati, ba tare da sa hannun umda ba.